Gizo-gizo a Lambun Gauta: Abin da Feshi Yake Kashewa Ban da Tsutsa

Wannan lacca ce da wani malamin gona ya gabatar wa manoman rani a Dadin Kowa, ƙaramar hukumar Yamaltu Deba ta jihar Gombe. An ɗauke ta a waya, sannan aka rubuta ta. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullahi. Sarkin noma, ranka ya daɗe. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da haƙuri, na san wasunku sun baro ban ruwa ne suka zo.

An ce in yi magana a kan feshin gauta da yalo. Zan yi, amma ta wata kusurwa da ba a saba ba. Yawancin lokaci idan malamin gona ya tsaya gabanku, abin da kuke jira shi ne ya faɗi sunan magani mai ƙarfi, ku rubuta, gobe a nufi Kwadon ko cikin Gombe a saya. Ni kuwa yau maganata a kan gizo-gizo ce. (Dariya.) Ku yi dariyarku, ina da lokaci.

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa yake feshi duk mako, ko ya ga ƙwaro ko bai gani ba? To, hannuwa sun tashi da yawa. Wa kuma ya lura cewa bayan ya yi feshi sau uku ko huɗu, ganyen gautarsa sai ya fara ɗige-ɗige fari-fari, ya koma ruwan ƙasa kamar wuta ta lashe shi, idan ya juya bayan ganyen ya ga wasu jajayen abubuwa ƙanana kamar ƙura? Kusan hannuwan ɗazu ne suka sake tashi. Wannan ba dacewa ba ce. Dalilinsa nake so mu bi a hankali.

Gizo-gizo ba ya cin ganye. Ba ya cin fure, ba ya huda gauta, ba ya taɓa saiwa. Bakinsa ma ba a yi shi don haka ba. Abincinsa ƙwari ne. Yana kama ƙwaro, ya sa masa dafi, ya zuba masa wani ruwa da ke narkar da cikinsa, ya tsotse. Masana sun lissafa irin gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kuma in ban da ɗan abin da ba a rasa ba, dukkansu mafarauta ne. A shekarar 2017 wasu masu bincike biyu daga Turai, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cinye ƙwari da makamantansu tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara. Naman da kifin da ’yan Adam gaba ɗaya suke ci a shekara wajen tan miliyan 400 ne. Amma ga inda abin ya shafe mu: mafi yawan wannan farauta a daji da makiyaya ake yin ta. Kason gonaki kaɗan ne, domin a gona muna huɗa, muna ƙone ciyawa, muna feshi, ba ma barinsu su zauna.

A lambun gauta, waɗanda za ku fi gani kashi-kashi ne. Akwai mai saƙa yana tsakanin reshe da reshe, wanda da sassafe za ka ga raɓa ta kwanta a kan zarensa. Shi tarkonsa na masu tashi ne: farin ƙuda, da ɗan malam-buɗe-littafin nan na dare mai saka ƙwan tsutsa. Akwai mai tsalle, gajere, mai manyan idanu a gaba, wanda idan ka kai masa yatsa sai ya juyo ya kalle ka. Shi da rana yake yawo a kan ganye. Akwai wani siriri mai ƙaya-ƙaya a ƙafafu, yana laɓewa a kan toho. Akwai mai zama cikin fure ya buɗe hannuwa yana jira.

Sai babbansu a wajen aiki, wanda yake ƙasa. Launin ƙasa gare shi, ba ya saƙa, gudu yake yi. Idan kuna ban ruwa, ruwa ya shiga fangali, shi ne kuke gani yana fita da gudu daga tsagar ƙasa, wani lokaci har ya bi ta kan ruwan bai nutse ba. Macen tana jan wani farin ƙullutu a bayanta, kamar ƙwayar wake. Ƙwanta ne a ciki. Idan sun ƙyanƙyashe, sai ’ya’yan su hau gadon bayanta, ta riƙa yawo da su na ’yan kwanaki kafin su watse. Ku riƙe wannan macen a ranku, za mu dawo kanta.

In kuna so ku san yawansu a lambunku, ga hanya mai sauƙi. Bayan sallar isha’i ka ɗauki tocila, ka ɗora ta a gefen kanka daidai da ido, ka haska kunya-kunya. Za ka ga wasu ɗigo-ɗigo suna ƙyalli daga ƙasa. Ba raɓa ba ce, idanunsu ne suke mayar da haske. Ka taka a hankali ka je daidai wurin, za ka tarar da shi zaune. Ka yi haka a lambun da aka yi wa feshi jiya, ka yi a bakin rafi inda ciyawa take. Ba sai na gaya maka komai ba, idonka zai ba ka labari.

Yanzu mu zo kan magani. Yawancin abin da muke sayowa a kasuwa gida biyu ne. Ku daina kallon babban sunan da aka rubuta a gaban kwalba, wannan na talla ne, kamfani goma za su iya zuba abu ɗaya su ba shi suna goma. Ku duba ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Gida na farko su ne masu ƙarewa da “thrin”: cypermethrin, lambda-cyhalothrin, deltamethrin. Gida na biyu su ne irin su dimethoate, chlorpyrifos, da dichlorvos wanda ake rubutawa DDVP, wato piya-piya. Duka biyun jijiyoyin ƙwaro suke kamawa, kuma ba sa tambayar wane ne. Jijiyar tsutsa da ta gizo-gizo duk ɗaya ne a wurinsu. Gwaje-gwajen da aka yi a gonaki a ƙasashe daban-daban sun yi ta nuna cewa gidan “thrin” ɗin nan yana cikin mafi muni ga gizo-gizo.

Kuma ta hanya fiye da ɗaya maganin yake samunsa. Na kan ganye, feshin a jikinsa yake sauka kai tsaye. Na ƙasa, wanda ya ɓuya a tsaga ya tsira da rana, da dare zai fito ya taka ƙasa da ganyen da maganin ya bushe a kai, ya shige shi ta ƙafafu. Mai saƙa kuwa nasa ya fi ban tausayi. Yanarsa tana kama ɗigon feshi kamar yadda take kama raɓa, shi kuma al’adarsa ce ya cinye tsohuwar yana kafin ya saƙa sabuwa, don kada zaren ya tafi a banza. Da bakinsa yake haɗiye maganin. Sannan ga ƙwaron da ya sha magani yana tangaɗi, shi ne mafi sauƙin kamu, gizo-gizo ya kama ya tsotse har da gubar.

Wanda bai mutu ba ma ba lafiya gare shi ba. An lura cewa sai ya rage farauta, saƙarsa ta zama ƙarama ko ta karkace, wani ya bar gonar gaba ɗaya. In ya tsira daga wannan, ga yunwa tana jira, tunda an share masa abinci a rana ɗaya.

To, wani zai ce, Malam, ai an kashe mugu an kashe nagari, an yi canjaras ke nan. A’a. Nan ne zuciyar maganar, ku ba ni hankalinku.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, a ƙasa mai zafi irin tamu, ba ta ma buƙatar namiji. Haihuwa take yi kai tsaye, ’yar da ta haifa kuma cikin kamar mako guda ita ma ta fara haihuwa. Farin ƙuda daga ƙwai zuwa babba wajen mako uku. Jajayen nan na bayan ganye, idan zafin Maris da Afrilu ya kankama, mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe su. Gizo-gizo kuwa watanni yake ɗauka kafin ya girma ya yi ƙwai, da yawansu zuriya ɗaya ko biyu suke yi a shekara. Macen nan mai jan farin ƙullutu, idan feshi ya same ta, ba ita kaɗai ka kashe ba, har da duk abin da ke cikin ƙullutun, kuma babu mai maye gurbinsu kafin ka gama tsinkar gautarka.

Ga kuma wajen ɓuya. Tsutsar gauta tana cikin toho ko cikin ’ya’ya, feshi bai kai gare ta ba. Farin ƙuda da jajayen nan suna ƙarƙashin ganye, mu kuma daga sama muke watsawa. Gizo-gizo shi ne a fili, yana yawo. Kamar mutum ne ya sa maganin ɓera a rumbu, ɓeraye kaɗan suka ci, kyanwa ta cinye su ta mutu. Kafin ya samo wata kyanwar, ɓerayen da suka rage sun hayayyafa sau uku, kuma yanzu babu mai tsare ƙofa.

Shi ya sa bayan feshi na uku sai ka ga abin ya fi na farko. Sai ka ce maganin jabu ne, ko ka ƙara murfi biyu a kan ɗaya, ko ka haɗa kala uku a tanki guda. Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Amma sau da yawa maganin na gaskiya ne, aikinsa ya yi, sai dai a kan wanda bai kamata ba. Ƙarin murfin kuma yana jawo wata matsalar: waɗanda suka jure su ne suke haihuwa, ’ya’yansu su gaji juriyar. Masu tumatir sun ga haka a 2016 da tsutsar tumatir ɗin nan da ake kira sharon ta ɓarke, aka yi ta zuba magani tana ci gaba da cinta.

Game da jajayen nan, akwai ruɗani da ya kamata mu warware. Su ma suna yin wata siririyar yana a bayan ganye, sai manomi ya gani ya ce gizo-gizo ya kama masa gauta, ya ɗauki gaba da duk mai ƙafa takwas. Dangi ne na nesa, amma ba abu ɗaya ba ne. Su ruwan ganye suke tsotsa, ƙanana ne ƙwarai, da kyar ido yake ganinsu, kuma a tare suke zama ɗaruruwa. Gizo-gizo na gaskiya shi kaɗai yake zama, kana ganinsa sarai. Sanannen abu ne a wajen masana cewa feshin gidan “thrin” yana tayar da jajayen nan, domin ba ya kashe su sosai amma yana share masu cinsu. Wato maganin da kake zubawa don su, shi yake buɗe musu hanya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya taɓa samu. A ƙasar Indunusiya, a shekarun 1970 da 1980, gwamnati ta riƙa ba manoman shinkafa magani da rangwame mai yawa. Aka yi ta feshi. Sai wani ɗan ƙwaro mai tsotsar shinkafa, wanda da can ba a damu da shi ba, ya zama annoba, gonaki suna bushewa kamar an ƙone su. Da masana suka bincika, ciki har da na cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, sai suka gano feshin ne yake kashe masu cin ƙwaron, kuma gizo-gizon nan na ƙasa yana kan gaba a cikinsu. A 1986 shugaban ƙasar, Suharto, ya hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa. Daga baya aka janye rangwamen, a 1989 kuma aka fara makarantar manoma a cikin gona, inda manoma da kansu suke shiga su ƙirga ƙwari masu ɓarna da masu amfani kafin su yanke shawarar feshi. Shinkafarsu ba ta rushe ba. Wannan tsarin makaranta ya bazu har ya iso Afirka, wasunku ma sun taɓa zama a irinta.

Ba na so in yi muku ƙarya, gizo-gizo ba zai yi muku dukkan aikin ba. Ba ya zaɓe, in ya samu ƙwaro mai amfani zai ci, in yunwa ta matsa ma ɗan’uwansa zai ci. Tsutsar da ta riga ta shige cikin gauta kuwa ta fi ƙarfinsa. Inda yake samunta shi ne kafin ta shiga: uwar tana tashi da dare ta faɗa yana, ko ’yar tsutsar tana rarrafe a kan ganye bayan ta ƙyanƙyashe. Amfaninsa babba shi ne yana nan tun farko, tun ƙwarin suna ’yan kaɗan, yana rage su kullum, ba ya bari su taru.

Ita tsutsar ciki, maganinta hannunka ne. Ka zaga lambu sau biyu a mako. Duk tohon da ka ga ya langaɓe alhali ƙasa da danshi, ka karya shi daga ƙasan inda ramin yake, ka tsaga, za ka ga tsutsar a ciki. Gautar da ta huje, ka tsinke. Kada ka jefar a bakin kunya kamar yadda muka saba, domin a nan za ta gama girma ta dawo. Ka tara ka binne da zurfi, ko ka ƙone. Aiki ne mai gajiyarwa, amma yara ma za su iya, kuma ba ya cin ko kwabo.

Kafin ka ɗauki famfon feshi, ka duba tukuna. Ka ɗauki farin faranti ko farin ƙyalle, ka riƙe ƙarƙashin reshe, ka bubbuga reshen. Ka ga me ya zubo. Ka yi haka a wurare daban-daban, gefe da tsakiya. In ɓarnar a kusurwa ɗaya take, ka fesa kusurwar kaɗai, sauran lambun ya zama mafaka, daga nan gizo-gizo za su sake bazuwa. Makonnin farko bayan dashe kuwa, in ba dole ba, ku ƙyale feshi mai ƙarfi. Lokacin ne suke shigowa suna kama wuri, ƙananansu ma a kan iska suke zuwa, su saki zare iska ta ɗauko su. Gauta tana jure ’yan ramuka a ganye fiye da yadda muke zato. Mu ne ba ma jurewa.

In feshi ya zama dole, akwai masu sauƙi. ’Ya’yan darbejiya, wato dogon yaro, ga su nan birjik a garin nan suna zuba a banza. A bushe su, a ɓare, a daka ƙwayar, giram 50 a kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai kyau don kada ya toshe bakin famfo, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, a tabbata ya shiga bayan ganye. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, don haka kada ka dawo da safe kana neman gawa. Akwai maganin tsutsa da ake kira Bt, wanda daga wata ƙwayar halitta ta ƙasa ake yin sa, sai tsutsa ta ci shi yake aiki, ba ruwansa da gizo-gizo. Akwai kuma chlorantraniliprole, yana da tsada amma ya fi sauƙi a kan masu amfani. Sai dai ku duba da kyau, wasu kamfanoni suna gauraya shi da lambda-cyhalothrin a kwalba ɗaya, in ka sayi wannan ka koma gidan jiya.

Sannan ku ba su wurin zama. Lambun da aka share tas kamar tsakar gida, gizo-gizo ba shi da inda zai fake daga rana. Ku shimfiɗa tattakar shinkafa ko busasshiyar ciyawa a gindin gauta, ga riƙe danshi, ga mafaka. Ciyawar bakin kwalbati da iyakar gona, a bar wani sashe, kada a banka mata wuta duka.

Abu na ƙarshe kafin tambayoyi, ba na gizo-gizo ba ne, namu ne. Gauta ɗanya ake ci. Yaro zai saya a tire ya goge a riga ya kai baki. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da tsinka. Mai feshi duk mako kuma mai tsinka duk mako, ina ya samu waɗannan kwanakin? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda dichlorvos da aka samu a ciki. Su suna da na’urar aunawa. Mai sayen gauta a tashar mota ba shi da ita.

Bismillah, mai tambaya.

Wani dattijo: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni in na daina, maƙwabcina bai daina ba. Fangalinmu a haɗe. Ba ƙwarinsa za su dawo kaina ba?

Baba, tambayarka ita ce mai wuyar. Gaskiya ne, iska za ta kawo maka feshinsa, farin ƙudansa ma zai ƙetaro. Abin da zan ce, ka shuka layi biyu ko uku na masara ko dawa a tsakaninku, yana tare wani abu. Amma maganin gaskiya shi ne a yi shawara a ƙungiyance, kuma ga sarkin noma a zaune yana ji. Kada ma ka daina gaba ɗaya a shekarar farko. Ka ware fangali huɗu ko biyar a gefen da ya fi nisa da shi, ka bi da su yadda na faɗa, sauran ka yi yadda ka saba. Ka riƙa ƙirga kwandon kowane ɓangare daban, ka rubuta kuɗin maganin da kowanne ya ci. In ka ga riba, maƙwabcin da kansa zai zo tambaya.

Wani matashi: Malam, kwalba mai koren layi a ƙasa, an ce ba ta da illa. Ita ma tana kashe su?

Ƙanena, launin nan, ja da rawaya da shuɗi da kore, yana nuna haɗarin maganin ga mutum ne, mai feshi da mai taɓawa. Bai ce komai a kan gizo-gizo ko zuma ko kifin kogin Gongola ba. Magani zai iya zama mai sauƙi a kanka ya zama ajali a kansu. Ƙaramin rubutun nan dai shi za ka karanta. In ba ka iya ba, ɗauki hotonsa a waya ka nuna wa malamin gona kafin ka biya kuɗi.

Wata mata: Malam, mu da muke tsinka fa? Ana cewa tautau yana yi wa mutum fitsari fata ta kumbura. In sun yi yawa ba za su cuce mu ba?

Hajiya, waɗanda na lissafa na cikin lambu guje wa mutum suke yi, yawancinsu haƙoransu ma ba sa iya huda fata, in kuma an matse ɗaya ya ciji mutum, abin ba ya wuce ɗan zafi da ƙaiƙayi. Ƙurajen nan masu ruwa da ake tashi da su a wuya ko a fuska a ce tautau ne, sau da yawa wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke zuwa wajen fitila da dare, in aka murje shi a jiki ruwansa yake ƙona fata. In kin gan shi a jikinki, ki hure shi, kada ki murje, in kuma an riga an murje a wanke da sabulu nan da nan. Abin da ya fi dacewa ki ji tsoro a lambu shi ne shiga tsinka washegarin feshi, ganye yana goga miki magani a hannu, ga goyo a baya. Ki tambayi maigidan ranar da ya yi feshi da sunan abin da ya fesa, kafin ki ɗauki kwando.